Ba don mu aka hana acaɓa a Titin Aba ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a majalisun 'yan Arewa mazauna kurmi. Ana jin ta a ƙofar masallaci bayan la'asar, ana jin ta a teburin mai shayi, 'yan ci-rani kuma sun kai ta gida har ta zama abin da ba a musu a kai. Wai gwamnatocin Fatakwal da Inugu da Anaca sun hana acaɓa ne don su toshe wa 'yan Arewa hanyar abinci, su kore mu ba tare da sun buɗe baki sun ce mu tafi ba. Masu faɗin haka ba yara ba ne. A cikinsu akwai dattawan da suka yi furfura a waɗannan garuruwa, suka aurar da 'ya'ya a can, suka binne 'yan'uwa a can. Ina ganin girmansu ƙwarai. Sai dai ban yarda da wannan fassara ba, kuma ina ganin riƙe ta yana ja mana asarar da ba mu lissafawa.

A fara ba mai zargi haƙƙinsa. Wanda yake Anaca a watan Fabrairun 2006, lokacin da aka huce haushin rikicin Maiduguri a kan Hausawan garin, aka ƙone masallatai, mutane suka tsallaka gadar Neja da ƙafa zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja, ba ka da bakin ce masa ya daina ɗar-ɗar. Haka wanda ya ga rikicin Oyigbo a Oktoban 2020. A bayan waɗannan kuma ga 1966 da yaƙin basasa, inda kowane ɓangare yake da mamatan da yake tunawa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Tsoron yana da asali. Abin tambaya shi ne ko wannan dokar ta acaɓa tana cikin abubuwan da aka ƙulla dominmu, kuma amsar tana kan Titin Aba na Fatakwal.

Fatakwal gari ne da aka gina saboda jirgi. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, Turawa suka shiga neman gaɓar da za su riƙa loda shi zuwa teku. Suka zaɓi wani wuri a bakin kogin Bonny, a 1913 Lugga ya raɗa masa sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila a lokacin. A 1916 layin dogo ya haɗa sabuwar tashar da mahaƙar kwal ta Inugu. A 1927 layin ya bi ta Kafanchan ya haɗu da na Kaduna, a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai. Daga nan shanu da wake da albasa da busasshen kifi suka riƙa gangarowa a tarago, manja da garin rogo suna hawa, Umuahia ta zama babbar kasuwar shanun gabas tun kafin a san kasuwar Lokpanta. Mutanenmu ma sun riga jirgin isa. Masaniyar tarihi Egodi Uchendu ta Jami'ar Nsukka ta yi rubutu a kan maharban giwa Hausawa da suka kafa zango a Elele, cikin ƙasar Ikwerre, tun ƙarshen ƙarni na 19. Saboda haka duk wanda ya ce babur ne ya kawo Bahaushe gabas, ko ɗan gari ne ko namu, bai san labarin ba.

Titin Aba a wancan zamani hanyar fita gari ce kawai, tana ratsa ƙauyukan Ikwerre irin su Rumuola da Rumuomasi da Rumuokwurushi, ta tsallaka kogin Imo ta nufi Aba mai nisan kilomita 60 da 'yan kai. Man fetur ne ya canza mata matsayi. An same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, kamfanin Shell ya kafa ofisoshi da gidajen ma'aikata a gefen wannan hanya, aka yanka unguwar masana'antu ta Trans-Amadi, matatar Alesa Eleme ta fara aiki a 1965, a 1967 kuma garin ya zama hedikwatar sabuwar Jihar Ribas. Ga inda gizo yake saƙa: kudancin Fatakwal duk ruwa ne da fadama, gari ba shi da wajen miƙe ƙafa sai arewa. Sai ya miƙe a kan hanyoyi biyu, Titin Ikwerre da Titin Aba. Ƙauyukan da ke bakin hanya suka zama unguwanni, unguwannin suka cika maƙil, lungunansu kuma duk a kan babban titi suke zubewa. Ma'aikacin mai da ɗan makaranta da tankar matata da tirelar tashar jirgin ruwa da motar da ta taso daga Kano, kowa ta nan zai bi. Wanda ya taɓa faɗawa Oil Mill ranar Laraba, ranar da kasuwa take cinye rabin kwalta, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Acaɓa ya shigo ne ta ƙofar da gwamnati ta bari a buɗe. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, motocin bas na gwamnati suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ƙasa ya koma zuwa jefi-jefi. Babur ne kaɗai yake iya kutsawa tsakanin motoci a gosulo, ya shiga lungun da ruwan sama ya cinye, ya ajiye mutum a ƙofar gidansa. Ba wanda ya tsara haka. Bukata ce ta haife shi, a Fatakwal kamar yadda ta haife shi a Kano.

To me ya sa aka hana shi? A tuna watan Agustan 2007. Ƙungiyoyin 'yan bindiga da 'yan siyasa suka raina suka fito suna musayar wuta da rana tsaka a cikin Fatakwal, har sai da aka zubo sojoji, gwamnatin Celestine Omehia ta kafa dokar hana fitar dare. Satar ma'aikatan mai don kuɗin fansa ta zama ruwan dare, ana ƙwace jaka a ƙofar banki, kuma a yawancin waɗannan aika-aika babur ne abin hawa, domin motar 'yan sanda ba ta iya bin sa. Rotimi Amaechi ya hau mulki a Oktoban wannan shekara, daga farkon 2009 kuma ya hana acaɓa a Fatakwal da Obio/Akpor da Eleme da Oyigbo. Waɗanda yake farauta 'ya'yan jiharsa ne. Babu wanda ya taɓa cewa Bahaushe ne ya riƙe bindiga a fadamun Neja Dalta.

Sannan a dubi waɗanda suke kan baburan. Duk wanda ya zauna a Fatakwal a waɗannan shekaru ya san cewa akasarin 'yan acaɓa mutanen kudu ne, 'yan Akwa Ibom da Ogoni da Ibo da sauransu. Namu suna ciki, amma sana'o'in da aka san mu da su daban ne: fawa, dillancin dabbobi, kayan gwari, doya, canji, gadi, shayi, tsire, ga-ruwa, gyaran takalmi. A Inugu, inda Sullivan Chime ya hana a 2012, da Anaca da Awka, inda Willie Obiano ya hana daga 1 ga Yulin 2018, abin ya fi fitowa fili. Masu tuƙin Ibo ne, da yawansu daga Ebonyi. Masu shigo da baburan da kayan gyaransu kuma 'yan kasuwar Nnewi ne, garin da kusan kowane gida yake da babur, har mata suna hawa zuwa kasuwa. Gwamnan da ya hana acaɓa a Anambra ya taɓa aljihun manyan attajiran jiharsa da ƙuri'un dubban matasanta. In don a kori 'yan Arewa ne, to an rushe ɗaki don a kashe ɓera, kuma 'yan siyasar can ba su kai nan a wauta ba.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a wurina tana gida. Nasiru El-Rufa'i ne ya kori acaɓa daga tsakiyar Abuja a Oktoban 2006, shekara biyu kafin Fatakwal. Kashim Shettima ya hana babur a Maiduguri a 2011. A Kano, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero ranar 19 ga Janairun 2013, gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur, dubban magidanta suka wayi gari ba sana'a. Kaduna ta bi sahu a 2014 a zamanin Ramalan Yero. Wa ya ƙulla wa 'yan acaɓan Kano makirci? Dalilin da aka bayar a Kano shi ne wanda aka bayar a Fatakwal, ɗan bindiga a bayan babur. In mun karɓi wannan uzuri daga gwamnanmu, adalci ya ce mu saurare shi daga gwamnan wasu.

Zan amince cewa Legas daban take. A can 'yan Arewa da 'yan Nijar suna da yawa a kan babur, kuma maganganun da aka riƙa yi kafin haramcin Yunin 2022 ba su rasa ƙamshin ƙabilanci ba. Ba a manta da mutum 123 'yan Jigawa da aka tare a 2019 suna shiga garin da baburansu a bayan babbar mota ba. Ina zaton daga Legas ne ma wannan fassara ta samu ƙarfi, aka ɗauko ta aka jingina wa garuruwan da labarinsu bai yi kama da na Legas ba.

Wannan ba ya nufin gwamnatocin gabas sun fita fes. Suna da laifi babba, amma wani ne daban da wanda muke tuhumarsu da shi. Sun ɗauke abin hawan talaka ba su ajiye masa wani a gurbinsa ba, kuma a nan Bahaushe ya ji jiki a matsayinsa na fasinja fiye da matsayinsa na mai tuƙi.

Ɗauki mahaucin da yake da teburi a wata unguwa da ke nesa da kwata. A da, in an gama fiɗa da sassafe, sai ya naɗe cinya biyu a buhu, ɗan acaɓa ya ɗaure a baya, kafin rana ta yi zafi nama yana kan teburi. Bayan doka tafiyar ta rabu uku. Zai nemi mai baro ko a-daidaita-sahu ya fito da shi bakin babban titi. A nan zai tsaya yana ɗaga wa tasi masu fentin shuɗi da fari hannu, kwandastocin bas suna ta ihun “Garrison! Rumuola! Artillery! Oil Mill!”, direba ya leƙo ya ga buhu yana ɗigar jini ya ƙara mai. Wanda ya yarda ya tsaya zai ce sai an biya kuɗin but, ko na kujera biyu. In ya sauka a mahaɗar unguwarsu kuma sai wani baron. Kuɗin mota ya ninka, lokaci ya tafi, matan da suke zuwa cefanen safe sun saya a wani wuri. Haka mai gadin da ya kwana a GRA zai koma masaukinsa, haka mai ɗauke da mara lafiya cikin dare daga lungun da mota ba ta shiga. Wannan wahalar ba ta tambayar yarenka, 'yar Ikwerre mai sayar da kifi ma ita take sha.

Me aka kawo? An zuba manyan bas a Titin Aba ta haɗin gwiwa da bankin Skye, suka yi 'yan shekaru suka ragu, tunda su ma a cikin gosulon suke tsayawa kamar kowa. A 2010 aka fara aikin jirgin sama-sama mai bin dogo ɗaya. Aka narka biliyoyin naira a kan kilomita 2.6 a Titin Azikiwe, daga Sharks Park zuwa mahaɗar UTC, wato wurin da mai ƙafa ma zai iya takawa, bai kai ga inda cunkoson yake ba. Da gwamnati ta canza a 2015 aka yi watsi da shi, ginshiƙan suna nan a tsaye, bai taɓa zama abin hawan jama'a ba. Gwamna Nyesom Wike ya zo da nasa salon, gadojin sama goma sha biyu tsakanin 2019 da 2023, da dama a kan wannan titi: Garrison, Artillery, Rumuola, GRA. Aikin Julius Berger ne, mai kyau ne, kuma ba na musun ya sassauta wasu mahaɗu. Amma ka tsaya a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu da yamma ka duba. Mai motar kansa ya haye sama ya wuce. Bas da tasi dole su bi ƙasa, domin a ƙasa fasinja yake, kuma a nan ake cakuɗewa da masu talla da masu juyawa. Gadar ta mai mota ce. (Mu ma a Kano da gadar sama muke auna gwamna, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Dangi da Hotoro, ba mu da bakin yi wa kowa dariya.)

Abin takaicin shi ne an san maganin tun kafin a hana acaɓan. A Maris ɗin 2008 Legas ta ware wa manyan bas layinsu na kansu a Titin Ikorodu, daga Mile 12 zuwa CMS, aka raba shi da sauran motoci. Titin Aba yana da faɗi, miƙaƙƙe ne, duk unguwanni a kansa suke zubewa. Da wuya a sami titin da ya fi shi dacewa da irin wannan tsari a ƙasar nan, kuma kuɗinsa ba zai kama ƙafar na ginshiƙan Titin Azikiwe ba. Ko jirgin ƙasan da aka dawo da shi tsakanin Fatakwal da Aba a 2024, da za a yawaita zirga-zirgarsa da ya rage wa titin kaya.

Anaca ba ta da dogon labari a nan. An yi alkawarin ƙananan bas ga waɗanda aka raba da babur, gari ya koma hannun a-daidaita-sahu da 'yan ƙananan motoci, mahaɗar Upper Iweka ta ci gaba da zama Upper Iweka, 'yan tasha suna karɓar kuɗi a kowace kwana. Gadar Neja ta biyu da aka buɗe a 2023 ta taimaki mai wucewa, amma ɗan kasuwar da zai tashi daga Bida Road zuwa bakin gada da buhun albasa bai ga bambanci sosai ba. Inugu ce ta ɗan yi abin a zo a gani. Chime ya sa bas da tasi na gwamnati a tituna, a 2025 kuma Gwamna Peter Mbah ya buɗe sababbin tashoshi a Holy Ghost da Gariki da Abakpa da Nsukka, da bas masu amfani da iskar gas. Sai dai kafin a gina su an rushe rumfuna da yawa, kuma wanda ba shi da takardar rumfa ba shi da bakin neman diyya.

A nan ne zargin dattawanmu yake da gaskiya, in an matsar da shi inda ya dace. Doka ba ta ambaci ƙabila ba, amma hannun da yake zartar da ita ya san wanda ya fi sauƙin murɗewa. Jihar Ribas ta yi dokar hana talla a titi da tashoshin bayan fage a 2019, ta kafa 'yan kwamitin kame. A 2021 aka rufe kwatar Trans-Amadi aka rushe ta, wurin da ɗimbin mutanenmu suke ci. Yaron da ya sauka daga tirela jiya, ba ya jin turancin buroka, ba shi da katin shaida, ba shi da ƙungiya, ba shi da lambar wanda zai kira, shi ne za a kifar wa da baro, a karɓe masa ciniki ba rasit. Wannan zalunci ne kuma ya fi faɗa mana. Maganinsa a san sunan mai kamen, a san ofishinsa, a kai ƙara da shaida, a sami lauya. Cewa an ƙulla mana makirci ba ta dawo wa kowa da baronsa.

Ga asarar da na ambata tun farko. Mutumin da ya sakankance cewa korarsa ake son yi ba ya zuwa taron da aka kira kan sauya tasha. Ba ya yin rajistar a-daidaita-sahunsa da ƙungiya, ba ya mayar da katin zaɓensa garin da ya shekara ashirin a ciki, ba ya ganin ɗan Abakalikin da aka ƙwace wa babur rana ɗaya da shi a matsayin abokin kuka. Kullum jakarsa a ɗaure. Sai a yanke shawarar inda bas zai tsaya da inda za a mayar da kasuwa ba ya nan, ya ji a bakin 'yan kame. Magabatanmu ba haka suka zauna ba. Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, ya yi takara, ya ci, ya zama magajin garin Inugu na farko a 1956. Ƙuri'un Ibo ne suka ɗora shi. Na san ruwa mai yawa ya gudu tun daga lokacin, kuma ba na cewa gobe za a sake irin wannan. Amma mutumin da ya shugabanci majalisar da take kula da Titin Ogui da kasuwar Ogbete namu ne, kuma da shiga ya samu.

Saboda haka kirana ga sarakunan Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu, da shugabannin mahauta da 'yan gwari da 'yan doya da limaman masallatanmu: a bar neman a dawo da acaɓa manyan tituna, ba zai dawo ba, ko a Kano bai dawo ba. A nemi abin da za a iya samu. A je ma'aikatar sufuri a rubuce, tare da ƙungiyoyin 'yan kasuwar gari, a nemi layin bas na musamman a Titin Aba, da bas mai fara aiki kafin asuba, da matsaya kusa da kwata da kasuwannin dabbobi, da motocin da aka yarda su ɗauki kaya. A yi wa kowane sabon zuwa katin ƙungiya kafin ya fita talla. Duk wanda aka karɓi kuɗinsa ba rasit, a rubuta rana da wuri da lambar mota a kai wa lauyan al'umma. Wanda kuma ya shekara biyar a gari, ya mayar da katin zaɓensa can.